Hangen Dala ba shiga birni ba: abin da rajistar jinya a Birtaniya ke ci wa nas ɗin Najeriya

Duk nas ɗin da ta taɓa sa ran zuwa Birtaniya aiki ta haddace wani adadi: fam 1,170. Shi ne jimillar kuɗin da hukumar rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya, wato NMC, ta yanka wa wanda ya yi karatunsa a wata ƙasa, a tsakanin 2023 da 2025. Fam 140 na duba takardun karatu, fam 83 na jarrabawar kwamfuta da ake kira CBT, fam 794 na jarrabawar aikin hannu da ake kira OSCE, sai fam 153 na shigar da suna cikin kundin rajista. Hukumar ba ta ɓoye wa kowa ba, a rubuce yake. Sai dai wanda ya taso daga Najeriya ya bi wannan hanya ya san adadin nan kuɗin bakin ƙofa ne kawai.

Wannan nazari ya tsaya ne a kan ayari guda: ma'aikatan jinyar Najeriya da suka fara neman rajistar a 2023 suka shiga 2024 ba su gama ba. Kusan duk abin da zai iya tsadantar da tafiyar ya sauka a kansu cikin watanni goma sha takwas. Don lissafin ya fito fili, mu ɗauki misalin nas guda. Ba wata takamaimiya nake nufi ba, irinta suna da yawa, maza da mata: ta yi shekara uku a makarantar koyon jinya a Kano ko Zariya, ta ci jarrabawar hukumar jinya ta Najeriya, ta karɓi lasisi, tana aiki a babban asibitin jiha, marasa lafiya na kiranta sista.

Abu na farko da ya same ta ba shi da alaƙa da jinya ko kaɗan. A farkon 2023 fam ɗaya bai kai naira dubu ba a hannun 'yan canji, ko a Wapa ko a Abuja. A watan Yuni na shekarar gwamnati ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kuma zuwa Fabrairun 2024 fam ya haura naira dubu biyu. NMC ba ta ƙara ko sisi ba, amma fam 1,170 ɗin da a da ake haɗa shi da naira miliyan ɗaya da 'yan kai ya koma miliyan biyu da dubu ɗari uku da arba'in idan an lissafa a kan dubu biyu. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Nas ta fi haka samu, gaskiya ne, amma a auna da wannan ma'auni: albashin wata talatin da uku ke nan, ba a ci ba, ba a sha ba. Wadda take zubin adashi tun bara don ta kwashi kuɗin tafiya, ranar kwasarta ta zo ta tarar kuɗin rabin aikin kawai za su yi. Ga kuma wata matsala a gefe: a lokacin bankuna da yawa sun dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, don haka ko da kuɗin a hannu sai an nemi mai asusun dala ko ɗan'uwa a waje ya biya, shi kuma ya faɗi nasa farashin canjin.

Kafin ma a kai ga kuɗin NMC akwai jarrabawar Turanci, wadda ba ta cikin wancan lissafi. A nan ne mutane suka fi jin haushi, kuma ban ga laifinsu ba. Da Turanci ta yi firamare, da shi ta yi sakandare, da shi ta yi makarantar jinya, da shi take rubuta rahoton miƙa aiki kullum, amma Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da NMC ta ɗauka a matsayin waɗanda yawancin mutanensu Turanci ne harshensu. Dole ta zauna IELTS ko OET. A IELTS ana son maki 7 a karatu da sauraro da magana, 6.5 a rubutu. A OET, wadda aka tsara musamman don ma'aikatan lafiya, ana son B a ukun farko, C+ a rubutu. Kuɗin OET a lokacin dalar Ostireliya 587 ne, kusan fam 300 a zama ɗaya. Kalmar "zama ɗaya" ita ce abin lura, domin rabin maki a rubutu ko a karatu ya isa ya mayar da mutum baya, kuma sake zama sabon biya ne. A 2023 NMC ta ɗan sassauta, ta tsawaita wa'adin haɗa sakamakon zama biyu daga wata shida zuwa wata goma sha biyu. Sauƙi ne, amma sauƙin da kansa ya amsa cewa zama biyu ba baƙon abu ba ne. Sai a ƙara kuɗin darasin share fage, da datar intanet, da kuɗin mota da masauki ga wadda garinsu babu cibiyar jarrabawa.

Ranar da sakamakon Turancin ya fito, agogo ya fara bugawa. Shekara biyu yake yi ya mutu. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Jarrabawar CBT ita ce mafi arha cikin duka, kuma a Najeriya ake yinta, a cibiyoyin da ke ƙarƙashin kamfanin Pearson VUE. Kashi biyu ce: lissafin magani, tambaya 15 cikin rabin sa'a, sai ilimin jinya, tambaya 100 cikin sa'a biyu da rabi. Wadda ta faɗi kashin lissafi kaɗai za ta sake shi a fam 50, kashin jinya a fam 70. Da a ce nan maganar ta tsaya, da ba sai an daɗe a kanta ba. Amma a watan Mayun 2023 NMC ta sanar da cewa tana binciken wata cibiya a Ibadan mai suna Yunnik Technologies, bayan an lura cewa wasu na gama jarrabawar cikin lokacin da hankali ba zai ɗauka ba, abin da ya sa aka yi zargin cewa wasu ne ke zauna wa wasu. Mutum 1,955 ne suka yi jarrabawa a cibiyar. A watan Satumba hukumar ta ce tana ganin mutum 48 da suka riga suka shiga rajista da wasu 669 masu nema sun sami sakamakonsu ta hanyar maguɗi. Sauran fa, mutum fiye da dubu ɗaya da ɗari biyu da ba a tuhume su da komai ba? Su ma an soke nasu sakamakon, aka ce su sake zama. Wake ɗaya ya ɓata gari. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai waɗanda suka riga suka ajiye aiki a gida, da waɗanda suka isa Birtaniya suna jiran lambar rajista. Ba kuɗin sake jarrabawar ba ne ya karya su, watannin jiran ne, da kallon tuhumar da aka riƙa yi wa duk mai takardar Najeriya a wasu asibitoci.

Ana wata ga wata. NMC ba ta shigar da kowa rajista sai hukumar ƙasarsa ta tabbatar mata cewa lasisinsa na gaskiya ne kuma babu wani laifin aiki a kansa. A Najeriya wannan aikin hukumar jinya da ungozoma ta ƙasa ne, kuma ana biyanta kuɗin tantancewa wanda ba a mayarwa. A Fabrairun 2024 hukumar ta fitar da sabbin ƙa'idoji da ta ce za su fara aiki ranar 1 ga Maris: sai mai nema ya yi shekara biyu yana aiki bayan samun lasisin dindindin, sai ya kawo takardar shaidar kyakkyawan hali daga shugaban wurin aikinsa da kuma makarantar da ya yi, kuma tantancewar za ta ɗauki aƙalla wata shida. Magatakardan hukumar na lokacin, Faruk Abubakar, ya kafa hujja da cewa ma'aikatan jinya fiye da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. Nas-nas suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas, wasu suka garzaya kotun ma'aikata, Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da ƙa'idojin. Cikin wannan ja-in-ja shafin tantancewar ya shafe watanni a rufe, ba a buɗe shi ba sai a Satumbar 2024.

Damuwar hukumar gaskiya ce. Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a asibitin gwamnati ya ga nas ɗaya tana zagaya ɗaki guda cike da gadaje da daddare. Amma a ganina maganin da aka zaɓa bai riƙe kowa ba, tsadar tafiyar kawai ya ƙara, kuma ya ɗora ta a kan mafi rauni. Abin mamaki, NMC da kanta ta riga ta cire sharaɗin shekara ɗaya na aiki bayan kammala karatu tun kafin wannan lokaci, sai ga gida ta dawo da shi ninki biyu. Sharaɗin takarda daga shugaban asibiti kuwa ya miƙa makomar ma'aikaci a hannun mutumin da ya fi kowa buƙatar kada ya tafi.

Yanzu mu dawo kan agogon nan. Sakamakon Turanci shekara biyu. Sakamakon CBT shi ma dole a haɗa shi da OSCE cikin shekara biyu. Takardar gwajin tarin fuka da ake buƙata don biza wata shida take yi. Sistar namu ta ci Turanci a tsakiyar 2022 bayan zama na biyu, ta ci CBT, ta tsaya jiran tantancewa. Shafin na rufe, kwanaki na tafiya, tsakiyar 2024 ta zo, sakamakon Turancin ya mutu a hannunta ba tare da ta yi laifin komai ba. Za ta sake biyan kusan fam 300, wannan karon a kan canjin dubu biyu. A nan asalin tsadar take: takardun ba sa jiran juna, kowace da ranar mutuwarta, kuma hukumomin da ke riƙe da su ba su san da zaman juna ba. Jinkirin ofis ɗaya a Abuja ya zama sabon biya a wani ofis a wata nahiya.

Wa ke fara biya?

Akwai tambayar da ba a cika yi ba, alhali ita ta raba nas ɗin Najeriya da takwararta ta Indiya ko Filifin, ƙasashe biyun da suka fi Najeriya yawan mutane a kundin NMC. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jerin ƙasashen da ƙarancin ma'aikatan lafiya ya yi wa katutu. A 2023 ƙasashe 55 ne, har da Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi. Birtaniya ta ɗauki wannan jeri ta mai da shi abin da ake kira jan jeri: an hana asibitocinta da kamfanonin ɗaukar ma'aikata su je waɗannan ƙasashe neman mutane. Amma ba a hana mutum ya nemi aiki da kansa ba, kuma ba a hana a ɗauke shi ba.

Niyyar kare ƙasashe matalauta ce. Sakamakon a aljihun nas kuwa daban ne. 'Yar Indiya ko 'yar Filifin sau da yawa asibiti ne ke zuwa har ƙasarsu ta hannun wakili, a yi mata ganawa, a ɗauke ta tare da ayari, a biya ko a mayar mata da kuɗin jarrabawa da biza da jirgi, a tanadar mata ɗaki na watannin farko. 'Yar Najeriya ita ke fara zuba kuɗinta a Turanci da duba takardu da CBT da tantancewa, sannan ta zauna tana cike takardun neman aiki ɗaya bayan ɗaya a shafin guraben hukumar lafiyar Birtaniya, NHS, ba ta da tabbacin kowa zai amsa. Idan ta dace, asibitin na iya biyan OSCE da biza da tikiti, wani ma ya mayar da wani abu daga abin da ta kashe. Idan ba ta dace ba, kuɗin sun tafi. Jan jerin bai hana ƙaurar ba, domin yawan 'yan Najeriya a kundin ya haura dubu goma a 2023. Abin da ya yi shi ne ya sauke kasadar daga wuyan asibitin Ingila ya ɗora a wuyan ma'aikaciyar da ake biya da naira, da mijinta, da yayanta da ya sayar da fili.

A ce ta sami aikin. Bizar ma'aikatan lafiya, wadda aka ƙirƙiro a Agustan 2020, tana da rangwame na gaske: ba a biyan harajin lafiyar baƙi, wanda ya kai fam 1,035 a shekara ga kowane babba tun Fabrairun 2024. Kuɗin bizar kanta ta shekara uku fam 284 ne a 2024, ya koma 304 a Afrilun 2025, amma kowane kai da nasa. Mai miji da 'ya'ya uku kai biyar ke nan, fam 1,520 a farashin 2025, kuma asibiti yawanci nata kawai yake ɗauka. Idan mai ɗaukar aikin bai tsaya mata ba, sai ta nuna fam 1,270 a asusu na tsawon kwana 28, da ƙarin fam dubu ɗaya na wannan iyali. Fasfo mai shafi 32 ya tashi daga naira 35,000 zuwa 50,000 a Satumbar 2024, ya ninka zuwa 100,000 bayan shekara guda. Gwajin tarin fuka sai a wuraren da aka amince da su, irin na hukumar kula da ƙaura ta duniya a Abuja da Legas, ga takardar shaidar 'yan sanda, ga rigunan sanyi. Wannan sashe ba shi da wani sirri, tarin ƙananan kuɗaɗe ne da ba sa ƙarewa.

Saukarta a filin jirgi ba ta mai da ita nas ba tukuna. OSCE a cikin Birtaniya kaɗai ake yi, a lokacin wannan ayari a cibiyoyi biyar: jami'o'i a Oksfod da Nosamton da Niyukasil da Ailan ta Arewa, da asibitin koyarwa na Lids. Tasha goma ce, kowace da aikin da ake gwada mutum a kai. Huɗu suna bin mara lafiya ɗaya daga duba shi zuwa tsara kulawa da aiwatarwa da auna sakamako, huɗu na gwanintar hannu ne kamar wankin ciwo ba tare da gurɓata shi ba ko yin allura, biyu kuma a rubuce ake yinsu, kan ɗa'ar aiki da kan aiki da hujjar bincike. Nas ɗin da ta shekara goma tana karɓar majinyata a ɗakin gaggawa na iya faɗuwa, ba don ba ta iya aikin ba, sai don ta manta ta faɗi da baki cewa ta duba ko mara lafiya yana da maganin da jikinsa ba ya so, ko ta tsallake wani mataki na tabbatar da sunansa, ko lokaci ya ƙare mata tana rubutu. Jarrabawa ce ta al'adar aikin Ingila, kuma hannun da ya saba da aiki cikin ƙarancin kaya sai ya koyi yin komai a hankali yana faɗa.

Dokar biza ta ce ta yi zaman farko cikin mako 12 da fara aiki, ta kuma sami rajista cikin wata takwas. Dama uku take da ita, da tazarar aƙalla kwana goma tsakaninsu. Sake tashoshin da aka faɗi fam 397 ne, kuma asibitoci da yawa zaman farko kawai suke biya. Wadda ta faɗi sau uku sai ta jira wata shida, lokacin da bizarta ba ta da shi. Kafin ta ci, albashin mataimakiya ake ba ta. A ma'aunin albashin NHS na Ingila na 2024 zuwa 2025, nas mai rajista tana farawa a mataki na biyar da fam 29,970 a shekara, mataki na huɗu 26,530, mataki na uku 24,071. Kowane watan jira a mataki na uku asarar kusan fam 490 ce kafin haraji, a daidai lokacin da ake neman kafin alƙalamin gidan haya, kuma a gida an fara kiran waya, tunda an ji ta sauka.

Kuɗin da asibiti ya biya mata ma ba kyauta ba ne. Yawancin kwantiragi suna da sharaɗin cewa idan ta bar aikin kafin shekara biyu ko uku za ta mayar. Ƙa'idar gwamnatin Birtaniya ta ce dole sharaɗin ya zama a bayyane, daidai da abin da aka kashe, kuma ya riƙa raguwa da tafiyar lokaci. Duk da haka an sami rahotannin wuraren da suka nemi fam dubu goma da ɗoriya, musamman gidajen kula da tsofaffi masu zaman kansu. Wadda ta faɗa hannun irin wannan, ga wulaƙanci a wurin aiki, ga bashin da ba za ta iya biya ba, ga biza ɗaure da sunan mai gidan: gaba kura, baya sayaki.

Akwai kuma waɗanda Turanci ko jiran tantancewa ya gajiyar da su suka bi ta ɓarauniyar hanya. Suka shiga da bizar masu kula da tsofaffi, da niyyar su ƙarasa rajistar daga can. Dillalai suka yi ta sayar musu da takardar ɗaukar nauyi a kan dubban fam, duk da cewa dokar Birtaniya ta haramta karɓar kuɗi daga mai neman aiki don a samo masa aiki. Wasu sun isa suka tarar babu aikin. Tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 gwamnatin Birtaniya ta ƙwace lasisin ɗaukar baƙi daga kamfanonin kula da tsofaffi fiye da 470, abin da ya shafi ma'aikata sama da 39,000 daga ƙasashe daban-daban. Daga 11 ga Maris 2024 aka hana masu wannan biza zuwa da iyali, sannan a Yulin 2025 aka rufe hanyar ga masu nema daga waje gaba ɗaya.

Sistar namu, idan komai ya tafi daidai bayan duk wannan, saƙo zai shigo mata cewa ta ci OSCE, ta biya fam 153, bayan 'yan makonni a turo mata lambar rajista. Albashi zai hau mataki na biyar. Daga ciki za ta fara rage bashin yayanta da na ƙungiyar adashi, waɗanda aka ci da naira amma yanzu kowa a gida da fam yake lissafa su. Shekara na zagayowa NMC za ta nemi kuɗin sabunta rajista, wanda ya tsaya a fam 120 tun 2015 har zuwa lokacin wannan ayari, kuma duk shekara uku sai ta nuna sa'a 450 na aiki da sa'a 35 na ƙarin ilimi kafin a bar sunanta a kundin. Lasisinta na Najeriya ma yana nan yana jiran sabuntawa, idan tana son ranar da ta dawo a bar ta ta taɓa mara lafiya.